Yara sun dage sai an kawo kare, wane ƙarami ne mai haƙuri?

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, don Allah ban da dariya. Tun da muka baro Nima muka tare a Oyarifa yaran nan suka hana ni sakat, wai sai an kawo musu kare irin na maƙwabcinmu. Babban shekararsa 6, ƙanwarsa 3 da rabi. Gidan da katanga, da ɗan fili a baya. Babansu ya ce in dai ba zai shiga ɗaki ba, kuma zai yi haushi in an taɓa ƙofa da dare, ya yarda. Ba na son ƙato irin Boerboel ɗin nan da in ya miƙe ya fi yaro tsawo. Ƙarami nake so mai haƙuri. Wanne kuka sani?

Ɗan Mamobi: Wata huɗu da barin Nima har an fara neman kare. Baɗi sai doki.

Hajiyar Madina: Wa alaikumus salam. Ki nemi Lhasa, shi ya cika gari. Ƙanwata na da ɗaya a Adenta, ko ganye ya faɗo sai ya sanar.

Anti Nas: Hajiya, Lhasa da yarinya 'yar shekara 3? A'a. Asalinsa karen tsaro ne na gidajen ibada a Tibet, ba ya son wasan ja-in-ja. Ta ja masa wutsiya sau ɗaya zai yi gurnani, na biyu sai haƙori. Ga gashi har ƙasa, kaska ta samu gidan haya kyauta.

Hajiyar Madina: To na ƙanwata dai bai taɓa cizon kowa ba.

Anti Nas: 'Ya'yan ƙanwarki duk sun gama sakandare, Hajiya.

Baban Sadik: Maman Biyu, bari in ba ki nawa labarin, in ya so ki ɗauki abin ɗauka. Shekara biyu da suka wuce na ga hoton wani ɗan Pug a status ɗin wani yaro, fuska a tamuke kamar tsoho, ido waje. Sadik na gani ya ce shi ke nan. Muka yi ciniki ta waya, na tura rabi ta MoMo, muka haɗu a wani gidan mai kan hanyar Kasoa. A kwali ya kawo shi, da wani kati mai hatimi wai an yi duk allurai. Na ce ina uwar? Ya ce tana Tema. Ban sake tambaya ba, nan na yi wautar farko.

Kwana huɗu kare ya daina cin abinci. Sai amai, sai zawo da jini, wari irin wanda ko ka wanke tsakar gida da omo sau uku yana nan. Na kai shi wajen likitan dabbobi, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora ya ce wannan bai fi sati biyar ba, ko yaye bai isa ba, katin kuma ko sunan maganin babu. Parvo ne, cutar da ke kama hanjin 'yan kwikwiyo. Kwana biyar ana ƙarin ruwa, kuɗin da na kashe ya kusa kamo kuɗin sayensa. Na kira yaron, lamba a kashe har yau.

Allah ya sa ya tashi. Muka saba da shi, kuma gaskiya ban taɓa ganin dabba mai haƙuri da yara kamarsa ba. Har hula suke sa masa yana zaune yana kallonsu. Amma hancin nan nasa a murƙushe yake, ko kwance yake numfashinsa kamar tsohon janareta. Kare ba ya zufa kamar mu, da haki yake fitar da zafi, shi kuwa hanyar iskar a matse take. Watan Maris ya zo da zafin nan da kuka sani, aka ɗauke wuta tun safe, yara suka fita da shi suna guje-guje da rana tsaka ban sani ba. Na dawo na same shi kwance gefen tankin ruwa, harshe ya koma shuɗi-shuɗi. Kafin mu fita daga go-slow ɗin Kasoa ya cika a kan cinyar Sadik. Yaron nan sati guda bai ci abincin kirki ba.

Don haka duk mai gajeren hanci, Pug ne, French Bulldog ne, har Shih Tzu, ki cire shi a lissafi tunda a waje zai kwana. Kuma kada ki karɓi kare a bakin titi. Ki je gidan, ki ga uwar da idonki, ki miƙa mata hannu ki ga yadda za ta yi.

Maman Biyu: Innalillahi. Sannu Baban Sadik, wallahi har jikina ya yi sanyi. Shih Tzu ɗin ma shi ne na maƙwabcin namu.

Ɗan Mamobi: Shi maƙwabcin ai AC yake kunna wa nasa. Ni da nake ɗan Adam fanka ma sai ECG masu wutar lantarki sun ga dama.

Malam na Fadama: Kafin a yi nisa. An san hadisin da ya ce wanda ya ajiye kare ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum, kuma mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da yake ciki. Kare don yara su yi wasa, ina ya faɗa a cikin ukun nan?

Ustaz Ƙarami: Malam, ai ta ce na gadi ne kuma a waje zai zauna. Malamai da dama sun yi ƙiyasin tsaron gida a kan tsaron gona. Ana ma ba da labarin mai Risala, Ibn Abi Zaid, cewa ya ajiye kare a gidansa, da aka ce masa Malik ya ƙi hakan sai ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye.

Malam na Fadama: Kare mai kilo 4 da ribbon a ka, shi ne zakin?

Ustaz Ƙarami: Haushi ake nema ba kokawa ba. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai bin umarni ne.

Malam na Fadama: Ka zo bayan Isha mu buɗe littafi, ba a waya ba.

Hajiyar Madina: Ku dai ko hoton koko da ƙosai aka saka sai kun yi muƙabala.

'Yar Legon: Anti, ni karatun likitan dabbobi nake, bari in ɗan sa baki. Ƙanƙanta da haƙuri ba tare suke tafiya ba. Chihuahua bai kai kilo 3 ba, ƙashinsa kamar na kaza, yarinya ta ɗaga shi ta saki sai karaya, shi ma ya san haka shi ya sa yake saurin kai cizo don tsoro. Gara mai ɗan jiki. Beagle yana kai kilo 10 ko fiye kaɗan, gashi gajere, yana son yara, amma yana da kuka mai tsawo kamar ana kiran gangami, kuma in hancinsa ya kama wari sai ya haƙa ƙarƙashin katanga ya bi. Cavalier ya fi kowa sanyin hali, sai dai ciwon zuciya gadonsu ne, kuma karen ɗaki ne. Poodle matsakaici yana da kai, ba ya zubar da gashi, amma kusan duk wata sai aski.

Ko wanne kika ɗauka, kada ya gaza sati 8. Allurar parvo ana farawa a sati 6 zuwa 8, a maimaita duk sati 3 ko 4 har ya kai wata 4. Ta ciwon haukan kare a wata 3. Ofishin likitan dabbobi na gwamnati da ke La suna yi, ki sa a manna takardar kwalbar a katin a gabanki.

Anti Nas: Ki ƙara da wannan, don mu muke ganinsu a asibiti. In kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a wuce asibiti ranar. Ba toka, ba man shanu, ba a jira a gani. Ciwon haukan karen nan in alamunsa suka fito kusan ba a tashi, kuma yara ƙanana sun fi shiga haɗari don tsayinsu daidai bakin kare, fuska da wuya ake samu.

Kawu Aboabo: Duk kun bar Ghana kun tafi Turai. Mu nan Kumasi karen gida muke da shi, irin jajayen nan masu tsayayyen kunne. Shekararsa 9, ragowar tuwo yake ci, zafi bai dame shi ba, jikokina a kansa suka koyi tafiya. Kyauta aka ba ni shi a Ejura yana ɗan ƙarami.

'Yar Legon: Kawu ya yi gaskiya, in an ɗauko shi yana ƙarami an yi masa allura ba shi da na biyu a yanayinmu. Sai dai ragowar abincin a kula, albasa tana lalata musu jini, shito kuwa, yajin nan namu, cike yake da ita. Ƙashin kaza dafaffe ma yana tsagewa a ciki.

Kawu Aboabo: Shekara 9 yana cin waakye da shito, 'yata.

'Yar Legon: Allah ne ya tsare, Kawu.

Ɗan Mamobi: Akwai wani na Kongo, Basenji, an ce ba ya haushi sam. Shi ya dace da Malam, ba zai san yana gidan ba.

Maman Biyu: Babansu haushin kawai yake so, ka ga an gama da wannan.

Hajiyar Madina: Ni fa da kyanwa kika samo musu kin huta.

Ɗan Mamobi: Tsugune ba ta ƙare ba ke nan. Tamu ta fita yawo ranar Asabar, har yau shiru, an ce ta zama Joseph, wato naman kyanwa, a tukunyar wani.

Baban Sadik: Abu ɗaya ba wanda ya tambaya. Wa zai kwashe kashin kullum da safe? Yara sati biyu za su yi su gaji. Ni na kwashe nawa shekara guda kafin in tafi masallaci, da leda a hannu.

Alhaji Sabon Zongo: Maman Biyu, afuwan na shigo a makare. Can wajenku Oyarifa nawa ake sayar da fuloti yanzu? Kuma ruwan famfo yana zuwa ko sai tanka?

Maman Biyu: Sai tanka, Alhaji, zan tura maka lambar mai kawo mana. Kawu, wancan na Ejura yana da 'yan'uwa? Amma fa sai bayan Sallah, surukata za ta zo daga Bawku ta yi wata biyu, ita kuwa ko hoton kare ta gani a rigar yaro sai ta sa an cire.