Muna son dasa itace sadaka ga Dadarmu kafin damina ta zauna, me ya dace?

Uwar Biyu, Pantami

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bara Allah ya yi wa Dadarmu rasuwa, mu 'ya'yanta muka yanke shawarar dasa itatuwa da ɗan lambu a gidan da ta bari, ladan ya riƙa isar mata. Filin bayan ɗaki ne, tsawonsa kamar mita 10, faɗinsa 7, akwai sokawe a kusurwa ɗaya. Ƙasar yashi-yashi ce, akwai gara, ruwa kuma saya muke a wurin 'yan garuwa. Yanzu muna ƙarshen Afrilu, an yi ruwa sau ɗaya. Wane itace ya dace? Mu dasa yanzu ko mu jira? Sannan wasu sun ce gara mu kai maƙabarta mu dasa a kan kabarinta. Ina neman shawarar masana.

Mai Renon Dashe, Dadin Kowa

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Dada, ya kai haske kabarinta.

Kada ruwan farko ya ruɗe ku. A Gombe ruwan Afrilu da na farkon Mayu yakan sauka ne ya ɗauke sati biyu ko uku, rana ta dawo da ƙarfinta, dashen da aka yi da ɗoki ya ƙone. Aikin yanzu rami ne. Dashe sai Yuni, idan an yi ruwa mai ƙarfi biyu ko uku a jere, kin tona ƙasa har gwiwar hannu kin same ta da danshi.

Rami ƙafa biyu ta kowace fuska, wato santimita 60 faɗi, tsawo da zurfi. Ƙasar sama a zuba gefe guda, ta ƙasa gefe guda. A cuɗa ta saman da bokiti uku na takin shanu wanda ya ruɓe sarai, wanda idan kin damƙa yana marmashewa, ba wari, ba ɗumi. A ƙara toka cikin gwangwanin madara biyu, a mayar cikin ramin, a bari ruwa ya dake shi sati biyu ya zauna. Ɗanyen kashin kaji kuwa kada ya kusanci ramin. Zafi gare shi, yana dafa saiwa, sai ki ga bakin ganye ya yi ja ya bushe cikin kwana goma a ɗauka rana ce.

A fili irin naku mangwaro ɗaya kawai zai shiga, shi ma sai in za a samu tazarar mita 5 daga bangon ɗaki da kuma sokawe. Saiwarsa bin danshi take, idan ta samu tsaga a jikin sokawe shiga take ta faɗaɗa ta. In tazarar ba ta samu ba, a kai shi ƙofar gida, a ciki a sa gwaiba ɗaya da lemun tsami ɗaya, mita 4 tsakaninsu, mita 3 daga gini. Mangwaron ku sayi ɗan aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin wani. Na ƙwallo yakan kai shekara 6 zuwa 8 kafin ya yi 'ya'ya, kuma ba ki da tabbacin irin da zai haifa, ɗan aure kuwa shekara 3 zuwa 4. Wurin saye ki nemi a nuna miki mahaɗar auren, wani ɗan kumburi ko tabo ne a jikin karan, kamar taƙi guda daga ƙasa. Masu sayarwa a bakin titi ba duka ke faɗin gaskiya ba. Nan Dadin Kowa, inda Kwalejin Tarayya ta Koyon Aikin Lambu take, ba a rasa masu reno da suka san aikin.

Ranar dashe a yi da yamma. A tsaga ledar da reza daga gefe, a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar jikin saiwar ta warwatse ba. Da yawa da leda suke binnewa wai za ta ruɓe. Ba ta ruɓewa, saiwar ce take naɗewa a ciki, itacen ya shekara biyu bai wuce gwiwa ba. Zurfin dashe daidai inda ƙasar leda ta tsaya, mahaɗar auren ta zauna a sarari. Duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗar a fizge shi, na uwar gindi ne, in aka bar shi zai rinjayi auren ya kashe shi. Furen shekarar farko da ta biyu ma a tsinke. Na san da ciwo, amma itacen da ya ɗauki 'ya'ya yana ƙarami tsumburewa yake.

Takin zamani ba a sa shi cikin rami. Bayan sati 6 zuwa 8, idan sabon ganye ya fito, a barbaɗa tafin hannu ɗaya na NPK a zagaye, taƙi biyu daga gindi, a rufe da ƙasa.

Malamin Islamiyya, Bolari

Allah ya gafarta mata, ya saka muku da alheri, 'yar'uwa. Abin da kuka nufa yana da asali mai ƙarfi. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa mahaifiyar Sa'adu bin Ubada ta rasu ba ya nan, ya tambayi Annabi (SAW) ko zai amfane ta idan ya yi sadaka a madadinta, aka ce masa e, sai ya bayar da lambunsa mai suna Mikhraf. Ga kuma hadisin Anas a Bukhari da Muslim, cewa duk Musulmin da ya yi dashe ko shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi.

Batun kan kabari, malamai sun saɓa. Masu ganin babu laifi suna kafa hujja da hadisin kaburbura biyu da Annabi (SAW) ya kafa wa ɗanyen reshen dabino, wasu kuma suna ganin wannan ya keɓanta da shi ne. Shawarata ku bar shi, ko don abin da ido ke gani: saiwar babban itace tana shiga kabarin da maƙwabtansa, tana cinye wurin da za a binne wasu, masu haƙa kuma su ne ke shan wahalar ta. In kuna son inuwa a maƙabarta, ku sami kwamitin da ke kula da ita, su nuna muku jikin katanga ko inda jama'a ke tsayuwa lokacin jana'iza. Lada ba ya buƙatar itacen ya kusanci kabari, niyya ce ke kai shi.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: gidan nan gado ne. Itacen da aka dasa a ciki yana bin gidan, ranar da aka raba ko aka sayar, wanda ya mallaka yana da ikon sare shi. Don haka magada duka su zauna, har waɗanda ke aure a wani gari, a amince cewa 'ya'yan itacen sadaka ne, a rubuta, a sa shaidu biyu. Idan akwai maraya ƙarami cikin magadan, sai an kiyaye haƙƙinsa, ba a yin kyauta da rabonsa. Saboda wannan ne na fi son a raba: wasu a gida, ɗaya ko biyu a harabar masallaci ko makarantar unguwa, inda ba mai gadonsu.

Goggon Yara, Tudun Wada

'Yata, ina yi muku ta'aziyya. Mangwaro sai an jira shekaru, zogale kuwa bana-bana za a fara rabon ganyensa, don haka kada ku bar shi a baya. Ku jera shi jikin katanga, taku biyu tsakani. Iri biyu a rami, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, cikin sati ɗaya zuwa biyu ya tsiro, a bar mai ƙarfin. In reshe za ku kafa, a samo mai kaurin muciya, tsawon mita guda, a binne kashi ɗaya cikin uku. Na reshe ya fi saurin ba da ganye, na iri ya fi jure rani don saiwarsa nutsewa take ƙasa. Da ya kai ƙugu a datse kansa. In ba a datse ba zai miƙe kamar sandar tuta, ganye can sama sai an nemo gora. Ganyen da za a ajiye a inuwa ake shanya shi, rana kashe masa launi take da amfani.

Tsakiyar filin, kafin itatuwan su yi inuwa, kuna da damina uku ko huɗu na kayan miya. Kuɓewa a jiƙa irin ya kwana, uku a rami, tazarar kamu ɗaya. Wajen sati bakwai zuwa takwas a fara tsinka, kuma duk kwana biyu ko uku, don da ta ƙosa ta yi itace uwar ta rage haihuwa. Alayyafo irinsa ƙanana ne ƙwarai, a gauraya cokali ɗaya da cokali goma na yashi kafin a watsa, in ba haka ba ya fito a cunkushe ya ruɓe daga gindi. Yakuwa da rama ba su da rigima. Tumatir dai ku haƙura sai kaka, ruwan Agusta ba ya barin sa.

Sannan ku tuna abin da ita marigayiyar take yawan shukawa ko aikawa maƙwabta, ku sa shi a ciki ko da ɗaɗɗoya ce ko lalle. Jikoki ta haka suke riƙe mutum. Da an ce wa yaro kai wa gidan wane zogalen Dada, masu karɓa za su ce Allah ya jiƙanta, yaron ma ya koyi faɗa.

Ɗan Kwamitin Masallaci, Jekadafari

Allah ya rahamshe ta. Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma damina ba ta kashe dashe, Maris da Afrilu ke kashewa. Tun da gwamnatin jiha ta fara shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green a 2019 dashen itace ya yawaita a garin nan, kuma kowa ya gani da idonsa: wanda aka killace ake shayarwa shi ke tashi.

Ku yi lissafin ruwa tun yanzu, Hajiya. Kowane dashe yana son lita 10 zuwa 15 sau biyu a sati daga Nuwamba, sau uku idan zafi ya tsananta, har rani biyu. Itace uku ke nan lita 60 zuwa 135 a sati. In ya yi yawa a rage itatuwan, uku masu rai sun fi goma matattu. Dabarar rage asara a ƙasa mai yashi: a binne tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, taƙi ɗaya da rabi daga gindi, bakinsa a waje, a cika a rufe da murfi saboda sauro. Ruwan tsattsafowa yake a hankali daidai wurin saiwa. Ruwan alwala a tara a bokiti a zuba musu. Na wanki mai omo da bilic kada a zuba.

Inda na ɗan saɓa da masu cewa a lulluɓe gindi da ciyawa: a gidan da ke da gara, busasshiyar ciyawa da karan dawa gayyata ce. In za a lulluɓe, a yi da ganyen dogon yaro, kuma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da karan. Duk sati a duba, in an ga ƙasar gara ta fara hawa jiki a kankare ta, a barbaɗa toka, a yi ban ruwa, don itacen da ƙishi ya galabaitar ta fi kamawa. Sandar tokara ma ita ce takan fara jawo ta, a sa ƙarfe ko a riƙa canzawa.

Wanda za a kai masallaci ko ƙofar gida, a tanadi keji kafin a sayi dashen. Ragar waya mai tsayin mita ɗaya da rabi a kan turaku huɗu, ko a jera bulo da ramuka. Akuya minti biyu ya ishe ta. Kuma a ambaci sunan mutum ɗaya da zai riƙa shayarwa, a ba shi ɗan abin sabulu. Aikin kowa da kowa ba mai yin sa. Don inuwa zalla dogon yaro ya fi komai juriya, sai dai a nisanta shi da katanga da wayar wuta.

Uwar Biyu, Pantami

Na gode ƙwarai, Allah ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya. Mun auna, daga sokawe zuwa inda muke so mita 4 ne kawai, don haka mangwaron masallaci za shi. Lemun tsamin fa, an ce yakan yi ƙaro a gindi ya mutu. Me ke kawo haka?

Mai Renon Dashe, Dadin Kowa

Ruwa ne da ke kwanciya a jikin karan, Hajiya, shi ke ba cutar ruɓewar gindi dama, ɓawon ya tsage ƙaro ya riƙa fita. Shi lemo a ɗan tudu ake dasa shi, kamar yatsa huɗu sama da ƙasar filin, sai a yi kwarin ban ruwa a zagaye, taƙi biyu daga gindi, ruwan ya tsaya can. Kada fartanya ta ji masa rauni wurin noma, kusa da gindi da hannu ake cire ciyawa. Kuma ku duba inda indararon ɗakin ke zuba kafin ku haƙa ramin, in a nan ne ku matsar da shi.