Me ya sa shirin The Last of Us ya bayyana dalilin Abby tun da wuri?

Ɗan Katsina:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wanda bai kalli shirin ba ya yi haƙuri, domin zan taɓa sirrin labarin. A wasan bidiyo na The Last of Us Part II, wanda kamfanin Naughty Dog ya fitar a 2020, Abby ta kashe Joel, jarumin wasan farko wanda ya riƙi Ellie kamar 'yarsa, tun farkon wasan ba tare da mai bugawa ya san dalilinta ba, sai da aka ci wajen rabin wasan sannan aka bayyana cewa likitan da Joel ya kashe a asibitin Salt Lake City don ceton Ellie mahaifin Abby ne. Amma a zango na biyu na shirin HBO, wanda aka fara haskawa a Afrilun 2025, tun fitowar farko aka nuna ta a bakin kaburbura tana alwashin ɗaukar fansa. Shin wannan sauyi bai rage wa labarin ƙarfi ba?

Malama Hadiza:
Wa alaikumus salam. A ganina, Craig Mazin da Neil Druckmann, waɗanda suka tsara shirin, ba su da wata mafita. A cikin wasan, bayan an cika maka ciki da ƙiyayyar Abby, sai a miƙa maka ita ka sarrafa ta na tsawon sa'o'i, ka sake bin kwanaki uku na Seattle, waɗanda ka riga ka bi da Ellie, ta ɓangarenta, kai ne kake gudu da ƙafarta, kai ne kake kare ranta, har tausayinta ya shige ka ko kana so ko ba ka so. Mai kallon talabijin kuwa yana zaune ne kawai. Ga kuma jira, domin an shafe sama da shekara biyu tsakanin zangon farko na 2023 da na biyu. Da an ɓoye dalilinta, da masu kallo sun yanke mata hukuncin da ba zai sake warwaruwa ba.

Bagobiri:
Malama, na yarda da batun Abby, amma inda aka yi asara shi ne hirar da Joel da Ellie suka yi a baranda. A wasan, wannan hira ta zo ne daf da ƙarshe, bayan Ellie ta saki Abby a bakin teku, ta koma gida babu yatsu biyu, ta kasa kaɗa jitar da kyau. A lokacin ne kake gane cewa a daren da ya gabaci mutuwar Joel ta faɗa masa za ta yi ƙoƙarin yafe masa, sai duk abin da ya wuce ya sake ma'ana, ka fahimci cewa damar sulhun da aka ƙwace mata ce take cin ranta. Shirin ya tattara yawancin waiwayen a kashi na 6, ya kuma haɗa hirar da amsa laifin da Joel ya yi wa Ellie kan abin da ya aikata a asibitin, alhali a wasan waɗannan abubuwa biyu ne da tazarar lokaci a tsakaninsu. Kashin ya yi kyau, ba musu, sai dai an kashe kuɗin ƙarshen labari tun ana tsakiyar kasuwa.

Ɗan Katsina:
Na gode muku. Abin da Bagobiri ya faɗa ne ya fi damuna yanzu, tunda kashi na 7 ya rufe zangon da komawa ranar farko ta Abby a Seattle. Idan an zo ƙarshen labarin, da wace fitowa za a bayyana abin da ya sa Ellie ta ƙyale Abby?