Shawarwarin da aka tattara kan saiwar kapur kachri

An tattauna kan wannan tsiro, ɗan uwan citta da kurkum, wanda ke fitowa a gangaren tsaunukan Himalaya, musamman jihar Uttarakhand ta Indiya da ƙasar Nepal. Masu maganin gargajiyar Indiya, wato Ayurveda, suna kiransa shati, kuma tsohon littafinsu Charaka Samhita ya lissafa shi cikin magungunan sarƙewar numfashi da shaƙuwa.

Saiwar ake busarwa a daka. Akan sha gari kaɗan, giram 1 zuwa 3, da zuma ko ruwan ɗumi saboda tari da majina. Wasu kuma a man gashi suke zuba shi domin ƙamshinsa.

Inda aka fi daɗewa shi ne maganar saye. Sau da yawa 'yan kasuwa kan miƙa wa mutum saiwar wani tsiron mai kama da shi da wannan sunan, don haka aka ce gara a sayi yankakkiyar saiwa, a ga farin cikinta, a ji ƙamshi irin na kafur, da a karɓi garin da ba a san asalinsa ba. A nemi wadda aka noma, domin yawan tono yana ƙarar da ta daji.

Gargaɗin da na fi riƙewa: mai asma kada ya daina amfani da maganinsa na shaƙa saboda wannan saiwa. Mai juna biyu, mai shayarwa da mai shan maganin asibiti kullum su fara tuntuɓar likita.