Shin ƙaruwar dukiya kwanciyar hankali take kawowa ko ƙarin damuwa?

Ɗan Singa ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman ra'ayin 'yan'uwa game da wani al'amari da ya daɗe yana damuna, wanda ba na iya faɗinsa a gaban abokai don kada a ɗauka butulci nake yi wa Allah. Na yi shekara tara ina koyarwa a makarantar firamare, albashina ba ya kai ni ƙarshen wata, kuma sau da yawa sai na ci bashi kafin in biya kuɗin haya. Daga baya wani kawuna ya ja ni kasuwar Singa a nan Kano, na fara da tsaron shagonsa, har Allah ya buɗa mini na samu shaguna biyu da sito ɗaya na kayan masarufi, na gina gidan kaina, na kai mahaifiyata aikin Hajji.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, barcin da nake yi a ɗakin haya ya fi wanda nake yi yanzu. Wayata tana fara ƙara tun kafin in dawo daga sallar asuba, wannan kuɗin asibiti, wancan kuɗin makaranta, wani kuma kayan ɗakin 'yarsa, kuma duk wanda na ce ya yi haƙuri sai labari ya koma ƙauye cewa na samu duniya na manta da dangi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin kaya bai zauna wuri ɗaya ba, don haka kullum cikin lissafi nake kwana, ina tsoron kada in sayar da kaya yau in kasa sayo irinsa gobe. To, ina tambaya: shin da ma haka dukiya take, ko kuwa ni ne ban iya riƙe ta ba?

Ma'aikaciyar Jinya Mai Ritaya ta rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗana, na karanta bayaninka, kuma ban ga butulci a cikinsa ba, amma ina so in tuna maka wani abu da wataƙila shekarun samu sun fara shafe shi daga zuciyarka. Na yi sama da shekara talatin ina aiki a ɗakin yara, kuma abin da ban taɓa sabawa da shi ba shi ne ganin uwa tsaye da takardar magani a hannu, ɗanta yana fama da zazzaɓin cizon sauro wanda maganinsa sananne ne kuma yana nan a kantin magani na bakin ƙofa, amma ba ta da abin saye. Wasu sukan fita neman rance su dawo bayan kwana biyu, lokacin da jinin yaron ya riga ya ƙare.

A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70, alhali a ƙarshen shekarar kuɗin buhun shinkafa ɗaya ya kai haka ko ma ya wuce. Magidancin da ke rayuwa a kan wannan, shi ma ba ya barci, kuma ba shi da wanda zai ce wa ya yi haƙuri, domin yunwar 'ya'ya ba ta jin haƙuri. Kai kana iya kashe wayarka na awa biyu ka huta. Saboda haka ni a wurina damuwar mai shi da damuwar marar shi ba ɗaya ba ne, kuma ba na jin daɗi idan na ji masu hannu da shuni suna gaya wa talaka cewa ya fi su kwanciyar hankali. Na tabbata da za a ce ka koma ɗakin hayar nan da albashin nan, ba za ka yarda ba.

Malamin Tattalin Arziki ya rubuta:

Malam, masana sun daɗe suna auna wannan tambaya taka. A 2010 Daniel Kahneman da Angus Deaton, waɗanda kowannensu ya samu lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki, sun duba amsoshin dubban ɗaruruwan mutane a Amurka, suka ga cewa jin daɗin yau da kullum yana ƙaruwa tare da ƙaruwar kuɗin shiga har zuwa kimanin dala dubu 75 a shekara, daga nan sai ya tsaya. A 2021 wani mai bincike, Matthew Killingsworth, ya fito da sakamakon da ya saɓa wa wannan, inda ya ga jin daɗin yana ci gaba da hawa. Da Kahneman da Killingsworth suka haɗu suka sake duba bayanan tare a 2023, sai suka gano cewa ga yawancin mutane ƙarin kuɗi yana tafiya da ƙarin jin daɗi, amma akwai wani rukuni na waɗanda da ma suke cikin ƙuncin rai, su kam idan kuɗin ya kai wani mataki ba ya ƙara musu komai.

Wannan ya goyi bayan maganar Hajiya ma'aikaciyar jinya. Sai dai a Amurka aka yi binciken, inda mutum yakan ci abin da ya samu shi da matarsa da 'ya'yansa. A ƙasar Hausa kuwa, idan mutum ɗaya ya samu, shi ne asibitin dangi, shi ne bankinsu, shi ne kuma fanshon tsofaffinsu, domin babu wata hukuma da ta ɗauke masa wannan nauyi. Ina ganin rabin abin da kake kira matsalar dukiya, nauyin talaucin mutanen da ke kewaye da kai ne ya sauka a kanka.

Dattijon Kantin Kwari ya rubuta:

Ƙanena, na shekara arba'in ina sayar da atamfa da shadda, na ga samu na ga rashi, kuma duk abin da ka lissafa na sha shi. Magabata sun ce arziki rigar ƙaya ne, kana jan sa yana jan ka, kuma gaskiya suka faɗa. Amma daga yadda ka yi bayani, na fahimci cewa har yanzu aljihunka da jarinka a haɗe suke, kuma wannan shi ne babban abin da ke hana ɗan kasuwa barci. Duk wanda yake cire kuɗin taimako daga cikin jari, to kowace buƙata da aka kawo masa sai ya ji kamar shagon ake rushewa, sai ya fara jin haushin mai roƙo, shi kuma mai roƙon ya ga haushin a fuskarsa ko da an ba shi.

Abin da ya warkar da ni shi ne na yanka wa kaina albashi daga riba, na kuma ware wani kaso sananne kowane wata na 'yan'uwa, na danƙa shi a hannun yayata, wadda ta fi ni sanin wanda ke cikin matsi na gaskiya. Idan kason ya ƙare, ya ƙare sai wata mai zuwa, in ban da rashin lafiya ko rasuwa. An yi mini surutu a shekarar farko, daga baya kowa ya saba. Zakka kuma daban take, kada ka haɗa ta da wannan. Idan shekara ta zagayo ka ƙiyasta kayan shago da kuɗin da ke hannu, ka fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari, ka ba waɗanda Alƙur'ani ya ambata, za ka ji wani sauƙi a ƙirjinka wanda ba zan iya kwatanta maka shi ba.

Ka kuma dubi yadda manyan attajiran garin nan suka yi. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya fara da fataucin goro daga Gwanja kafin ya shiga cinikin gyaɗa, kuma bai riƙe harkar a hannunsa shi kaɗai ba, yana da yara da wakilai da yake ba jari su shiga ƙauyuka su sayo masa. Da yawa daga cikin irin waɗannan yaran gida sun zama masu kansu, su ma suka ɗauki wasu. A cikin masu kiran wayarka na tabbata akwai samari biyu ko uku da za su iya riƙe teburin kaya. Idan ka kafa ɗaya ya tsaya da ƙafarsa, ka rage masu kira, ka kuma samu wanda zai taya ka amsa sauran.

Game da tsoron karyewa kuwa, ba zan ɓoye maka ba, wannan ba ya barin ɗan kasuwa gaba ɗaya. Na san mutanen da gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta mayar da su babu ko allura cikin dare ɗaya. Abin da nake riƙewa shi ne hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa wadata ba yawan abin duniya ba ce, wadatar zuci ita ce wadata. Ban fahimci hadisin a matsayin hani ga nema ba, domin Sayyidina Usman da Abdurrahman bin Auf attajirai ne, kuma suna cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Na fahimce shi ne a matsayin maganin wannan lissafin na tsakar dare da kake fama da shi.

Uwar Biyu ta rubuta:

Ina neman afuwar manya, akwai ɓangaren da ba a taɓo ba. Idan ana maganar jin daɗin da dukiya ke kawowa, ya kamata a tambayi matar gida ma. Mahaifinmu ya samu buɗi muna yara, kuma abin da muka fara rasawa shi ne shi kansa, domin ya daina cin abincin dare tare da mu, sai mu yi kwana uku ba mu gan shi ba. Bayan rasuwarsa rabon gado ya kai mu kotu shekara huɗu, kuma har yau akwai 'yan'uwana na uba ɗaya da ba ma gaisawa. Malam, ka rubuta dukiyarka da basussukanka a takarda tun kana da lafiya, ka sa shaidu, sannan ka tambayi maiɗakinka ko ita ma ta fi jin daɗin zaman ɗakin hayar.

Ɗan Singa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, gaskiya kika faɗa, ba zan koma ba, kuma na tuna daren da na yi yawon neman rancen kuɗin ƙarin ruwa ga babban ɗana. Alhaji, zan gwada tsarin da ka kawo daga farkon wata, kuma akwai ɗan ƙanwata da nake ganin zai iya riƙe teburi. 'Yar'uwa, na yi tambayar da kika ce jiya da dare, kuma amsar da na samu ta sa na yanke shawarar rufe shago kafin magariba.

Saura abu ɗaya da ban ambata da farko ba. Garinmu yana yankin da masu garkuwa da mutane suka addaba, kuma tun da aka san na samu abin hannu, mahaifiyata da kanta ta hana ni kwana idan na je gaishe ta. Nakan bar motata a Kano in shiga ta haya da tsofaffin kaya, in isa da hantsi in juyo kafin la'asar, alhali lokacin da nake malamin makaranta nakan yi mako guda a ɗakinta. Na roƙe ta ta dawo wurina da zama, ta ce ba za ta bar gidan da mahaifina ya rasu a ciki ba. Idan akwai wanda ya taɓa shawo kan tsohuwa a irin wannan hali ba tare da ya ɓata mata rai ba, ina roƙon ya gaya mini yadda ya yi.