Kullen korona a Kaduna: wa ya riƙe gidanku?

Tela daga Tudun Wada: Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya muka tuna kullen da aka sa a ƙarshen Maris na 2020, wanda azumi ya zo ya tarar da mu a ciki. Ni dai ƙungiyar gama-kai ta teloli ce ta rufa mini asiri. Shugabanninmu suka ɗage biyan bashi har a buɗe gari, suka sayo atamfa muka riƙa ɗinka takunkumi a gida. Ku fa?

'Yar kasuwa daga Rigasa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka yi sa'a. Mu adashi muke yi, mu goma sha biyu. Ranar da aka rufe Kasuwar Gumi zubi ya tsaya cak. Amfanin adashi ai kowa da ranar buƙatarsa, to a wannan karon buƙatar kowa rana ɗaya ta faɗo. Ni ce ta tara a layin kwasa, sai bayan Babbar Sallah na ga kuɗina, a gutsuttsure. Ban zargi uwar adashi ba, wallahi ita ma da ƙyar take ɗora tukunya.

Malamin makaranta daga Kawo: Hajiya, a nan bambancin yake. Tamu gama-kai daga albashi ake cire zubi, shi ya sa ba ta girgiza ba. Ta sayo shinkafa da mai a sari, muka biya kaɗan-kaɗan. Bashin Babban Banki na naira biliyan 50 da aka bi ta bankin NIRSAL kuwa, sai ka cike fom a intanet, kana da BVN, wato lambar tantance mai asusun banki. Maƙwabciyata mai ƙosai ko asusun banki ba ta da shi.

Ɗan acaɓa daga Kakuri: Yallaɓai, mu da aka hana hawa babur fa? Matasan unguwarmu ne suka bi masu hali suka tara masara da gero. Da daddare suke kai wa mutum har ƙofa don kar ya ji kunya. Liman da fasto tare suka rubuta sunaye.

'Yar kasuwa daga Rigasa: Allah Ya saka musu. Mu yanzu kowane zubi muna ware ɗan wani abu gefe, ba a taɓa shi sai ta ɓaci. Malam tela, taku tana karɓar mata?

Tela daga Tudun Wada: Tana karɓa, Hajiya, amma sai mai keken ɗinki.