Gidan da ake hangen Kufena, ko na kusa da shago?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu tana fama da hawan jini da ƙarancin barci, likita kuma ya ce a rage mata damuwa. Na samu gidajen haya biyu a Zariya. Na Sabon Gari yana kusa da shagona, sai dai tagar ɗakinta katangar maƙwabci take kallo. Na Wusasa kuwa daga tsakar gida ana hangen Dutsen Kufena, ga mangwaro a ƙofa, amma ya ɗara da naira dubu 150 a shekara. Shin kallon tsirrai yana kwantar da hankali har ya cancanci wannan kuɗi?

Wani malami daga Samaru: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. A 1984 Roger Ulrich ya wallafa bincike a mujallar Science kan mutum 46 da aka yi wa tiyatar matsarmama a Amurka. Waɗanda tagarsu ke kallon itatuwa sun riga masu kallon bangon bulo barin asibiti da kusan kwana ɗaya, kuma ba su sha maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi kamar su ba. Ni kaina idan aiki ya yi mini yawa, bakin dam ɗin Kubanni nake zama bayan la'asar, in koma gida ƙirjina wasai.

Wani daga Palladan: Ɗan'uwa, dillali ya sa maka kuɗi. Bambancin bai wuce dubu 60 ba.

Wata ma'aikaciyar jinya: Malam, ka kawo binciken Turawa, amma ni nake auna jinin tsofaffi kullum. Inuwa tana taimakawa, ban musa ba, sai dai ba ta maye gurbin magani da rage gishiri.

Malamin: Ban ce a ajiye magani ba, Hajiya.

Wani matashi: Da ganin ganye magani ne, da masu sayar da alayyafo ba su san hanyar asibitin Shika ba.

Wata uwa daga Dakace: Ni saboda wata ɗorawa na kama gida. A ƙarƙashinta nake shimfiɗa wa maigidana tabarma bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki, yana kallon tsuntsaye har barci ya kwashe shi, abin da ba ya samu a ɗaki. Wata takwas da tarewarmu mai gidan hayar ya turo masu injin yanka, ya ce shaguna zai gina. Na roƙe shi har da hawaye, bai saurare ni ba. Tun ranar maigidana bai sake cewa a fito da shi ba, kuma ko sisi ba a rage mana a kuɗin haya ba.

Na Palladan: Allah ya saka miki, Yaya. A unguwarmu masu gawayi ne suka ƙarar da itatuwan. Garin da aka sani da rimi, yau sai ka yi tafiya mai nisa ba ka samu inuwar tsayawa ba. Wa ke ba su izinin sara?

Mai tambaya: Na gode, amma jibi dillalin yake jiran amsata.