Kurciya ta yi ƙwai a cikin lallena: ku fa, wa ya yi sheƙa a gidajenku bana?

Uwargida, Samarun Zariya

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu son shuka. Wani abu ya same ni shekaranjiya da ya hana ni sukuni. Akwai lalle da na dasa a jikin katangar bayan madafa shekara shida ke nan, ya yi duhu har yana tare hanyar rijiya. Kowace shekara ƙarshen Afrilu nake rage masa rassa kafin ruwa ya zauna, don ya yi sabon toho. Na ɗauko adda na sare reshe biyu, ina ɗaga hannu zan sari na uku sai fir! kurciya ta tashi ta gefen kunnena. Na leƙa, ga 'yan tsinkaye an gicciya su a mararrabar reshe, ko tafin hannuna ba su cika ba, har ana hango ƙwan ta ƙasa. Ƙwai biyu farare tas. Ashe rassan da na sare su ne inuwarta, ga ranar bazara ba sai na gaya muku ba.

Nan take na ɗebo rassan na mayar sama na ɗaure da tsumma. Sai bayan la'asar ta dawo ta kwanta. Don Allah wanda ya sani, za ta ci gaba da kwanci? Kwana nawa zan jira? Kuma ina son in ji naku labarin. A wurinmu dai dogon yaro ya gama zubar da 'yan fararen furanninsa masu ƙamshi da daddare, jajayen itatuwan nan na bakin titi kuma sun kama kamar an hura musu wuta.

Baba mai lambu, Kazaure

Wa'alaikumussalam 'yata. Kwantar da hankalinki. Tunda ta dawo a ranar, ba za ta bari ba in Allah ya yarda. Kwancin kurciya mako biyu ne, 'ya'yan kuma su yi kamar mako biyu kafin su tashi. In kin lura za ki ga su biyu ne suke karɓa-karɓa, namijin da rana, macen da dare. Abin da nake roƙonki shi ne ki daina leƙawa, kuma kada yara su san wurin.

Ni shekara talatin da wani abu ina lambu, kuma ban koyi wannan ba sai da na yi ɓarna. Na taɓa sa yaro ya yi wa dangar lambuna aski gaba ɗaya a watan Mayu, da muka zo kwashe rassa muka tarar da sheƙa huɗu a ƙasa, biyu da 'ya'ya tsirara, tururuwa ta riga ta same su. Tun ranar, duk itacen da zan sa wa ƙarfe sai na zauna a gindinsa da sanyin safiya na ɗan lokaci. In tsuntsu yana shiga wuri ɗaya da tsinke ko tsutsa a baki, to na ɗaga saran. Babban sassabe kuwa na mayar da shi cikin hunturu. Furen marga ya wuce a nan, amma kukar bayan lambu ta fara sako nata, manya farare suna reto. Da magariba suke buɗewa, jemagu su kwana a kansu, kafin wani yammacin sun yi ja-ja sun zubo.

Malami, Tudun Wadan Kaduna

Baba Allah ya ƙara girma, amma ni kuka na kawo. Kabare sun mamaye min itacen kwakwa guda biyu da na sha wahalar rainonsu. Na ƙirga sheƙa ta haura arba'in. Ganyen duk sun tsattsage shi, sai tsinken tsakiya kamar tsintsiya. Ga surutu tun assalatu, ga kashi a kan shanya, uwargida kuma tana tsoron kada su jawo mana maciji. Na yi niyyar sa gora in kakkaɓe.

Gaskiya abin da ya tsayar da ni shi ne ranar Asabar na zauna na kalli guda ɗaya yana aiki. Namiji, rawaya shar, kai baƙi, ido ja. Ya ɗan tsaga gefen ganye da baki, ya kama, ya tashi da shi, sai ga zare dogo ya biyo shi. Ya fara ƙulla zobe a jikin reshe, ya tsaya a ciki yana cusa zaren yana jawowa ta ɗaya gefen, kamar mai saƙar faifai. Kafin magariba ɗaki ya tashi, ƙofa tana kallon ƙasa. Sai ya rataya kai a ƙasa yana kaɗa fukafukai yana kiran mace. Ta zo, ta shiga, ta fito, ta tafi abinta. Bayan kwana uku na ga shi da kansa yana warware ɗakin zai sake wani. Yanzu ban san yadda zan yi ba.

Baba mai lambu, Kazaure

Malam, ka makara bana. Sheƙa arba'in, rabinsu da ƙwai ko 'ya'ya. Kwakwa ba ta mutuwa don wannan, sai dai ta rage 'ya'ya. Maganar maciji ba ƙarya ba ce, yana hawa neman ƙwai, don haka a share ciyawar gindin itacen fes. In ba ka son su baɗi, ranar da ka ga zoben farko ka cire, ka yi ta cirewa, za su gaji su canja wuri.

Ɗan Damagaram

Ina yi wa kowa sallama daga Nijar. Mu nan ruwa sai Yuni in an yi sa'a, yanzu sai zafi da iska mai ƙura. Amma shamuwa ta sauka kwana biyar da suka wuce. Akwai tsohuwar tsamiya a ƙofar gidanmu, tun ina yaro suke sauka a kanta. Da safe na fito sai na gan su tsaye a kan tsofaffin sheƙunansu, baƙaƙe masu farin ciki, suna gyaran ƙirare. Mahaifiyata ta fito da sandarta ta daɗe tana kallonsu, ta ce a sauko da irin hatsi daga rumbu a duba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yakan ce zuwan shamuwa albishir ne amma ba shi ne ruwan shuka ba, domin takan zo a yi mako uku ko fiye sama ba ta zubo ba.

Da ina yaro sheƙa ta fi ashirin a tsamiyar nan, bana bakwai na ƙirga. Manyan itatuwan unguwa duk an sare an yi shaguna. Bara ma wani maƙwabci ya nemi a sare tamu saboda kashinsu yana ɓata masa mota, sai da dattawa suka sa baki. Na ce masa tsuntsuwar da ke yini a gona tana tsince fara da tsutsa, kashinta a kan mota ba abin da za a sare tsamiya a kansa ba ne. A daji kam alhamdu lillahi, tunda manoma suka rungumi sassaben zamani suna barin gawo da kalgo su tashi a gona, itace ya dawo sosai tsakaninmu da Maraɗi. Cikin gari ne abin yake ja da baya.

Ɗaliba, Jos

Kawu na Damagaram, shamuwar nan taku doguwar tafiya ta yi kafin ta iso. Idan kaka ta yi takan bi ruwa ta gangara gabashi da kudancin Afirka, har Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, ta ci damina a can, sannan ta juyo. Amma haihuwa galibi a yankinmu take yi, daga Senegal har Habasha. Ƙwai biyu zuwa uku take yi, kwanci kusan wata guda. Ke nan tsamiyarku ita ce gidan haihuwarta, can ci-rani take zuwa.

Mu a Filato ruwa ya sauka tun farkon Afrilu. A bayan gidanmu tsakanin duwatsu akwai wata albasar daji da ke kwana a ƙasa duk rani, ruwan fari na taɓa ta sai ta turo kara ɗaya da dunƙulen jan fure kamar ƙwallo, ganye ma sai daga baya. Kwana goma ya yi yawa ta yanƙwane. Sha-kauci kuma ta rataye 'yar sheƙarta a jikin wayar shanya, da yanar gizo-gizo ta ɗinke ta, in ba ka sani ba ka ce tsumma ne iska ta maƙala. Mun koma shanya a kan katanga. Na fara sanin waɗannan abubuwa ne da aka kai mu dajin Amurum kusa da Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI ta Jami'ar Jos take.

Maman 'yan biyu, Kano

Ni ina jin kuna maganar tsamiya da kuka sai kwaɗayi ya kama ni. Gidan haya muke, tsakar gida duk siminti, ko ciyawa ba ta da wurin fitowa. Shukata duk a tsofaffin bokitan fenti take. Amma kariyata ta yi abin mamaki bana: ba ganye ko ɗaya, kututture kamar tulu, sai fure ruwan hoda ya rufe ta ruf a tsakiyar zafin nan. Sirrinta kada a cika mata ruwa, tushen ruɓewa yake. Masu ƙananan yara a kula, ruwan jikinta dafi ne, ni a kan katanga na ɗora ta.

Tun watan Maris nake ajiye kasko da ruwa a inuwa, na sa dutse a tsakiya don ƙanana su samu wurin tsayawa. Kullum da safe nake zubarwa in sake sabo saboda sauro. Yanzu gwara da kurciya da ɗan jan tsuntsun nan ba'u, wanda kakata ke kira baiwar Allah, duk suna zuwa. Ba'u har sun yi sheƙa a cikin tsohon kwando a ɗakin ajiya, ta tagar da ta fashe suke shiga. Abin da ya ɗaure min kai, a ƙyanƙyasar da suka yi bayan damina bara, ɗaya cikin 'ya'yan ya fi sauran girma, kamanninsa ma daban, kuma iyayen suna ciyar da shi kamar nasu.

Ɗaliba, Jos

Anti, wannan ba ɗansu ba ne. Akwai wani ɗan tsuntsu da namijinsa ke yin baƙi mai sheƙi da farin baki lokacin damina, macensa ba ta yin sheƙa sam, sai ta faki ido ta saka ƙwanta a ta ba'u. Cikin bakin ɗanta yana da zane irin na 'ya'yan ba'u, shi ya sa iyayen ba sa ganewa. Ba ya kashe 'yan gida, tare suke tashi. Har hankaka da ake cewa mai da ɗan wani naka, shi ma akwai tsuntsuwar da ke yi masa haka, ta zuba masa ƙwai ya yi ta raino.

Yaya, Manchesta a Ingila

Kun tuna min gida har na ji ƙwalla. Mu nan yanzu ne sanyi ya sake mu. Albasar dafodil da na binne a watan Oktoba ta fito rawaya tun Maris, ta wuce, tulib ya karɓa. Na kafa ɗan akwatin katako a jikin katanga mai ƙofa milimita 25, wasu 'yan tsuntsaye masu shuɗin kai da rawayan ƙirji sun shiga, yini suke suna jigilar tsutsa. A nan, a ƙarƙashin wata doka ta 1981, laifi ne mutum ya lalata sheƙar da ake amfani da ita da gangan, shi ya sa masu aski wa shingen gida da yawa suke dakatawa daga Maris zuwa Agusta. Maƙwabciyata wata tsohuwa kullum tana duban sama tana jiran tsattsewa, na ce mata ai daga wajenmu suke tasowa, sun ƙetaro Sahara.

Malami, Tudun Wadan Kaduna

Na ajiye gorar. Mun matsar da igiyar shanya, an share gindin kwakwar. Yaran unguwa masu danƙo ne yanzu aikina.

Uwargida, Samarun Zariya

'Yan'uwa na dawo da labari, yau kwana goma sha ɗaya. Baba na bi maganarka ban sake leƙawa ba, sai ranar Talata na tsinci ɓawon ƙwai a bakin rijiya. Na hango daga tagar madafa: guda biyu, jikinsu da ɗan gashi rawaya-rawaya, suna cusa baki cikin bakin uwar tana yi musu ɗura.

Daren jiya aka yi ruwan farko na kirki, da iska mai ƙarfi har ta ɗaga kwanon makwabta. Ban runtsa ba. Da asuba na fita da tocila, rassan da na ɗaure sun zube, amma tana nan kwance a kansu, jiƙe sharkaf, ko motsi ba ta yi ba. Da rana ta fito ta miƙe tana shanya fukafukai, na ga kawuna biyu suna motsi. Na samo tsohuwar tabarma na yi musu rumfa daga sama, na kewaye gindin lallen da ƙayar magarya saboda magen makwabta da ta fara zarya. Lallen kansa ya fara fure, ƙamshinsa har cikin ɗaki. Ruwa kuma ta gaban gida muke zagayawa mu ɗebo. Baba, in sun tashi, kwana nawa zan ƙara kafin in sa adda? Na ji an ce takan sake yin ƙwai a wuri ɗaya.

Baba mai lambu, Kazaure

Takan sake, 'yata. Ki ba ta mako guda bayan sun tashi. In kin ga ta dawo tana gyara tsinkaye, to ki bar lallen sai kaka.